BABI NA HUƊU: HANYOYIN JIN RA'AYIN 'YAN ƘUNGIYA A TSARIN MATA MASU DUBARA

4.0 Gabatarwa

Duk wata ƙungiya da mutane suka kafa da kansu, ta 'yan kasuwa ce ko ta samari ko ta mata, tana tsayawa ne a kan abubuwa biyu: dokokin da aka amince da su, da kuma mutanen da aka ɗora wa nauyin tsare waɗannan dokoki. Tambayar da wannan babi zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce, ta wace hanya ake sanin abin da ke zukatan sauran 'yan ƙungiya game da yadda ake jagorancinsu, da yadda ake hukunta wanda ya saɓa, da kuma irin gyaran da suke son a yi? An zaɓi tsarin Mata Masu Dubara na Jamhuriyar Nijar a matsayin misali saboda a ƙasar Hausa ya tsiro, da Hausa aka raɗa masa suna, sannan kuma yawancin matan da suka fara shi ba su yi karatun boko ba, don haka babu maganar a raba masu takardar tambayoyi su cike. Dole aka nemi wasu hanyoyin. Abin da za a nuna shi ne, a tsakanin Hausawa tara mutane wuri ɗaya a ce "ko akwai mai magana?" ba ya wadatarwa, kuma ƙungiyar da ta dogara da wannan kaɗai tana iya rushewa alhali shugabanninta na ganin komai lafiya lau.

4.1 Daga Adashe Zuwa Akwati Mai Kwaɗo Uku

Adashe tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mutane kan yi zubi kullum ko mako-mako ko wata-wata, a haɗa a ba mutum ɗaya ya kwasa, a yi ta zagayawa har kowa ya samu. Uwar adashe ita ce ke karɓar zubi, ita ke tsara wa zai kwasa da fari wa zai kwasa daga ƙarshe, ita ke bin wadda ta makara. Sau da yawa 'yan zubin ma ba su san junansu ba, domin ba taruwa suke yi ba. Yarinya ake aikowa da kuɗin. A irin wannan tsari, wadda ba ta ji daɗin yadda ake tafiyar da abubuwa ba ba ta da wani wurin faɗa. Iyakarta ta yi haƙuri zagayen ya ƙare ta janye hannunta.

A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri a jihar Maraɗi, a ƙarƙashin wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, wanda aka gina a kan wannan al'ada ta adashe amma aka sake mata fasali. Shi ne aka kira Mata Masu Dubara. (Kalmar "dubara" ita ce "dabara" a karin harshen wannan yanki.) Mata kimanin 15 zuwa 30 ne kan haɗu, su riƙa taruwa sau ɗaya a mako, kowa ta zuba abin da aka yanke. Maimakon a ba mace ɗaya ta kwashe, sai a tara kuɗin a cikin akwatin ƙarfe, a riƙa ba wadda ke bukata rance na ɗan lokaci ta juya ta dawo da shi da ɗan ƙari. Akwatin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, shi kuma akwatin yana ɗakin ta huɗu, wato ma'ajiya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Idan zango ya cika, wanda kan ɗauki watanni tara zuwa shekara guda, sai a fasa a raba wa kowa uwar kuɗinta da abin da ya hau kai. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, daga baya kuma zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, inda aka daidaita shi aka rubuta masa littattafan jagora.

Abin lura ga wannan nazari shi ne, sauyin bai tsaya a kan kuɗi ba. Ikon da ke hannun uwar adashe ita kaɗai an rarraba shi tsakanin shugaba da magatakarda da ma'ajiya da masu ƙirga kuɗi biyu da masu makulli uku, sannan aka ce dukkansu a ƙarƙashin taron 'yan ƙungiya suke. Matan da kansu ke yanke nawa za a riƙa zubawa, nawa za a ɗora a kan rance, wane laifi ne ke jawo tara kuma nawa ne tararsa. Wato ke nan tun ranar farko an mayar da ra'ayin 'yar ƙungiya wani abu da tafiyar ƙungiyar ke bukata.

4.2 Taron Mako-Mako

Hanya ta farko, wadda kowa ke gani, ita ce taron mako. Akan zauna a kan tabarmi a da'ira, akwati a tsakiya, kowace mace a wurin da aka san ta da shi. Kafin a buɗe akwati akan tambayi mata nawa aka bari a ciki makon jiya, su faɗa da ka, sannan a ƙirga a gani ko ya yi daidai. A tsarin da aka daidaita daga baya har akan raba wa kowace mace doka ɗaya ko biyu ta haddace, a riƙa tambayarta a bakin taro. Hikimar wannan a fili take: wadda ta san doka ita ce ke iya cewa an karya ta. Macen da ba ta san nawa ne tarar makara ba, ba za ta gane an cuce ta ko an ɗaga wa wata ƙafa ba.

To amma taron mako taron kuɗi ne. Ana sauri, akwai girki a gida, akwai goyo a baya, ga masu neman rance suna jira. Ƙorafin da ya shafi lissafi yana fitowa nan take, domin kuɗi ne a zube kowa na kallo, kuma ba a ɗaukar gyaran lissafi a matsayin cin fuska. Ƙorafin da ya shafi hali, kamar a ce shugaba tana da faɗa, ko tana fifita danginta wajen ba da rance, shi ne ba ya fitowa. Dalilin haka yana cikin tarbiyyar Bahaushe.

4.3 Kunya da Kara a Bakin Taro

Kirk-Greene (1974), a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma da ake auna mutum da su, waɗanda suka haɗa da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Idan aka dubi waɗannan halaye ta fuskar ƙungiya za a ga wani abin mamaki. Gaskiya da amana su ne ke riƙe akwatin. Amma haƙuri da kunya da ladabi da kiyaye mutuncin na gaba, waɗanda su ma halayen kirki ne, su ne ke ɗaure bakin 'yar ƙungiya lokacin da ya kamata ta yi magana. Mace ɗaya ce ake so ta riƙe duka biyun.

A ƙauye 'yan ƙungiya ba baƙin juna ba ne. A da'ira ɗaya za a iske mace da uwar mijinta, da facalarta, da kishiyarta, da wadda ta yi mata wankan jego, da matar liman, da matar mai gari. Yarinyar da ba ta iya kiran sunan surukarta, wadda ke durƙusawa idan za ta gaishe ta, ba za ta ɗaga murya a gaban mata ashirin ta ce "Inna, ba ki yi daidai ba" don kawai dokar ƙungiya ta ce kowa da kowa ɗaya ne ba. Haka kuma wadda ke cin bashin hatsi a gidan shugaba lokacin bazara ta san inda za ta koma idan rumbu ya yi ƙasa. Ita kuwa kishiya matsalarta ta bambanta: ko da gaskiya ta faɗa, za a ce kishi ne, don haka sai ta zaɓi ta yi kawaici.

Saboda haka idan shugaba ta ce "kun yarda?" aka amsa "mun yarda", ba lallai ne an yarda ba. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, kuma a irin wannan wuri shirun yana da iri-iri. Akwai shirun amincewa, akwai na kara, akwai na wadda ta riga ta yanke shawarar ficewa idan an yi rabo. Mai jagorancin da bai iya bambance su ba zai yi ta tafiya a kan kuskure. A ganin mai wannan nazari, nan ne masu kawo tsare-tsare daga waje suka fi yin tuntuɓe, domin suna ƙirga hannuwan da aka ɗaga su rubuta cewa kowa ya amince.

Akwai kuma matsalar baƙo. Ƙungiya sabuwa takan samu malama ko malamin da ke zuwa yana koya mata tsarin har ta tsaya da ƙafarta. Idan wannan malami ya tambayi mata ko akwai matsala, amsar da karamci ya tanada ita ce "babu komai, sai alheri." Ba a faɗa wa baƙo aibin gida, balle baƙon da ake tsammanin wani alheri daga wajensa.

4.4 Hanyoyin Bayan Fage

Da yake al'ada ce ta kawo matsalar, ita ce kuma ta tanadi mafita. Bahaushe yana da hanyoyin isar da saƙo mai ɗaci ba tare da an haɗa ido ba, kuma ƙungiyoyin mata suna amfani da su ko da ba a rubuta su a cikin dokoki ba.

Babbar hanya ita ce ta ɗan aike. Wadda ke da ƙorafi takan je wurin wata dattijuwa da ake jin maganarta, ko wurin ƙawar shugaba, ta faɗa mata a ɗaka. Ita kuma sai ta kawo maganar bakin taro da lafazin da ba ya nuna kowa: "an ce", "wasu na ganin", "na ji ana ƙishin-ƙishin". Wannan siga ta "an" da "ana" da Hausa ke da ita tana yin babban aiki a nan, domin tana ba magana damar shiga taro ba tare da mai ita ba. Shugaba ma takan sami sauƙin karɓa, tun da ba wata ƙaramar yarinya ce ta tsaya ta ƙalubalance ta ba. Illar wannan hanya ita ce, 'yar aiken tana tace abin da za ta faɗa. Abin da ta ga zai ɓata tsakaninta da shugaba sai ta haɗiye shi, wani lokaci kuma ta ƙara nata gishirin.

Sai kuma habaici da gugar zana da karin magana. Mace na iya jefa magana a sama lokacin da ake ƙirga kuɗi, kamar da 'yar goyonta take, kowa kuma ya gane inda aka dosa. Habaici yana sanar da shugaba cewa akwai wuta a ƙasa, amma ba ya faɗin girmanta, kuma ba a iya yanke hukunci a kansa, domin idan aka tambayi mai shi sai ta ce ita ba da kowa take ba. Idan ya yi yawa a ƙungiya alama ce ta cewa sauran hanyoyin sun toshe.

Wasan barkwanci ya fi habaici amfani. Taubashiya na iya ce wa taubashiyarta shugaba ta cika son kai a gaban kowa a yi dariya, jika na iya tsokanar kakarta ma'ajiya cewa ta rungume akwati kamar miji, kuma al'ada ta hana a yi fushi. A Nijar wannan al'ada tana da ƙarfi ƙwarai tsakanin dangi da tsakanin ƙabilu, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014. Ƙungiyar da Allah ya haɗa shugabarta da abokiyar wasa a da'ira ɗaya ta sami wata kafa ta faɗin gaskiya da ba kowace ƙungiya ke da ita ba. Sai dai wannan dace ne, ba a iya tsara shi.

4.5 Ra'ayi a Kan Tara da Horo

Babu inda jin ra'ayi ya fi wuya kamar a kan hukunci. Laifuffukan da aka fi cin tara a kansu sanannu ne: makara, rashin zuwa ba tare da aiko da uzuri ba, surutu ana cikin taro, mance dokar da aka ba mutum, da jinkirin biyan rance. Kuɗin tara ba su da yawa, kuma cikin akwati suke komawa, a raba da kowa ranar rabo, har da wadda aka ci tarar. Duk da haka tara na haifar da ɓacin rai fiye da girmanta, saboda a gaban jama'a ake yanke ta.

Ƙorafin da ke tasowa a nan iri biyu ne, kuma ya kamata a raba su. Na farko shi ne a ce dokar kanta ta yi tsanani. Misali, a ce an sa taro da hantsi, ga shi damina ta faɗi kowa na gona, ko rijiya ta yi nisa a lokacin rani, sai makara ta zama ta kowa. Wannan ƙorafi yana da sauƙin faɗa, domin bai taɓa mutuncin kowa ba, kuma maganinsa a sauya lokaci ko a rage tara. Haka nan idan aka shiga watannin da abinci ke ƙaranci kafin kaka, mata na iya haɗa baki su rage zubi ko su dakatar da shi. Damar da aka bayar a tsarin baya-bayan nan, ta kowace mace ta zuba daga hannu ɗaya zuwa hannu biyar gwargwadon ƙarfinta a wannan mako, ita ma tana rage irin wannan kuka.

Na biyu shi ne a ce dokar daidai take amma ba a bin ta a kan kowa. An ci tarar wance da ta makara, matar mai gari ta zo bayanta an ce "sannu da zuwa, Hajiya." Wannan shi ne ƙorafin da ke kashe ƙungiya, kuma shi ne wanda ba a iya kai wa shugaba, tun da ita ce ake ƙara. A nan ne ake ganin amfanin rarraba muƙamai. Masu makulli uku ba sa cikin masu yanke hukunci, don haka 'yar ƙungiya na iya kai masu kuka, su kuma suna da abin da za su iya yi, domin idan ɗaya ta ƙi kawo makullinta akwati ba ya buɗuwa. Ba kasafai ake kaiwa ga haka ba, amma sanin cewa ana iya kaiwa yana sa shugaba ta saurara.

Wani batu da ya shafi ra'ayi kai tsaye shi ne ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, wanda a ƙungiyoyi da yawa yakan kai kashi 10 cikin ɗari a wata. A al'ummar Musulmi dole wasu su tambaya ko wannan bai zama kuɗin ruwa ba. Masu kare shi na cewa kuɗin na matan ne kuma gare su yake komawa. Masu ƙyamarsa na cewa sunan da aka ba shi bai sauya hukuncinsa ba. Ba aikin wannan babi ne ya yi fatawa ba. Abin da ya shafe shi shi ne, mace na iya zama cikin damuwa a kan wannan, ko mijinta ya matsa mata, ta kasa faɗa don kada a ce ta fi kowa tsoron Allah. A wasu wuraren an sake fasalin rancen ya koma ciniki, wato ƙungiya ta sayi kaya ta sayar wa mai bukata da riba sananniya, kuma ba a isa ga irin wannan gyara sai an fara jin masu shiru.

4.6 Tsakuwa a Bayan Zana da Ranar Rabo

Dabarar da ta fi dacewa da matsalar kunya ita ce ta zaɓe a asirce. Littattafan jagora sun tanadi cewa a farkon kowane zango a sake zaɓen shugabanni, kuma a tsayar da fiye da mutum ɗaya a kowane muƙami. Akan ba kowace 'yar takara jaka mai launi nata, a ajiye jakunkunan a bayan zana ko labule, a ba kowace mace tsakuwa ɗaya ta shiga ita kaɗai ta jefa a inda take so. Daga nan a zazzage a ƙirga a gaban kowa, a tabbatar yawan tsakuwa ya yi daidai da yawan mata. Ba a bukatar iya karatu, kuma matar ɗa na iya ƙin zaɓen uwar mijinta su koma gida tare ta ɗora mata ruwan alwala.

Mai wannan nazari na ganin an taƙaita amfanin wannan dabara da aka tsayar da ita a kan zaɓen mutane kawai. Babu abin da zai hana a yi amfani da ita a kan tambayoyi: a bar tarar makara yadda take ko a rage, a ci gaba da taro ranar kasuwa ko a sauya, ana ba da rance bisa adalci ko ba a yi. Jaka biyu da tsakuwa sun isa. Tsakuwa ba ta faɗin dalili, amma idan aka zazzage jakar "ba a adalci" aka ga goma sha biyu cikin ashirin da biyar, dattijuwar da za ta yi magana ta sami abin dafawa, shugaba kuma ba ta iya cewa mutum ɗaya ce ke zuga mutane.

Ranar rabo ita ce ranar wanka da ba a ɓoyon cibi. An biya dukkan basussuka, an zube kuɗi an raba, babu wadda ke riƙe da wata. A wannan rana ce ake da damar sake duba dokoki baki ɗaya, a karɓi sababbi, kuma duk mai son fita ta fita da haƙƙinta cikakke. Saboda haka yawan matan da suka dawo sabon zango shi ne ma'aunin da ya fi kowace tambaya nuna yadda aka ji da shugabanci. Sai dai mai fita ba ta cewa an ɓata mata. Takan ce maigida ne ya hana, ko hidima ta yi mata yawa, ko za ta huta zango ɗaya. Wani lokaci gaskiya ne. Hanyar da ake bi a gane ita ce a bar kwana biyu su wuce, sannan a tura mata ɗaya daga cikin masu makulli ko wata ƙawarta, ba shugaba ba, ta same ta a ɗakinta ta tambaye ta. Abin da aka jiyo sai a kawo shi taron farko na sabon zango da lafazin "an ce", kafin a rufe dokokin wannan shekara.